Sarauniyar Dutsen Gishiri Ta Ɗaga Hannu

A bayan tashar jirgin ƙasa akwai wani tsohon sito mai rufin kwano, inda a da ake jibge buhunan siminti. Da masu simintin suka tashi, wani mutum mai faɗin baki da ake kira Mai Labari ya karɓi wurin. Ya zuba yashi a tsakiya, ya kewaye shi da igiya, ya jera bencina hawa-hawa har kusa da rufi. Duk ranar Asabar da yamma a nan ake yaƙin Sarauniyar Dutsen Gishiri. Mai Labari yana tsaye a kan akwati da lasifika yana ba da labarin, 'yan wasa suna cikin yashi suna yin sa da jikinsu. Takubban na ƙarfe ne, an dai kashe musu kaifi. Dukan ma na gaske ne, sai dai rabin ƙarfi ake sa masa. Jinin da ke zuba, wani daga kwalba yake fitowa, wani daga jikin mai shi.

Mai Walda ne yake ƙera takubban da garkuwoyin, shagonsa na manne da bangon siton. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya mata biyu. Ƙaramar, Auta, yarinya ce mai sanyin hali. Babbar kuwa shi da kansa ya sa mata Tartsatsi, don tun tana rarrafe take zama kusa da injin gurza ƙarfe, wuta na fallatsa, ko ƙifta ido ba ta yi. Tana ƙarama wani yaro ya fizge takalmin Auta ya jefa a kwata. Tartsatsi ta kayar da shi ta kafa haƙori a kunnensa, sai da manya suka ɓamɓare ta. Da uban ya ɗauko bulala, ta tsaya a gabansa baki duk jini ta ce, "Baba, ka gama da ni ka je ka ciro takalmin, hannuna bai kai ba."

Bai dake ta ba. Ya je ya ciro takalmin.

Da ta girma ta fara shiga siton da tulun ruwa, daga nan aka sa ta cikin masu fitowa a gawawwakin da ake ja waje bayan yaƙi, daga nan aka ba ta mashi. Ranar da ta fara taka yashi, Mai Labari ya koya mata abin da yake koya wa kowane sabon shiga kafin ya taɓa makami. Idan ka ji ciwo na gaske, ka ɗora tafin hannunka na hagu a tsakar kanka. Abokin karawarka na gani zai sauke makami nan take, ko da yana tsakiyar sara, ya sunkuyo ya duba ka. Suna kiran wannan hannun gaskiya. 'Yan kallo ba su san shi ba, ba ya cikin labari, kuma ba a wasa da shi. Duk sauran abin da ke cikin igiyar nan ƙarya ne, in ji Mai Labari, shi ya sa wannan ɗaya dole ya zauna da tsarkinsa. Mai Walda yana tuna ta dawo gida ran nan tana koya wa Auta, su biyu suna zagaya tsakar gida hannu a ka kamar masu tallan da babu faranti.

Da gwiwar tsohuwar sarauniyar ta lalace, Tartsatsi aka ɗora wa kambin. Uban ya sake matse shi daidai kanta, ya liƙa masa soso a ciki don kada ya ci mata goshi.

A labarin, daga ƙwan tsuntsun tsawa aka ƙyanƙyashe Sarauniya a ƙwanƙolin wani dutse na gishiri zalla. Wanda ta zuba wa ido har ya ji tsoro, gishiri yake zama, a farfasa shi a yi gini da shi, har fadarta ma da gawawwakin maƙiyanta aka gina ta. Wazirinta kada ne mai magana. Ta ci garuruwan bakin teku, ta ci na ƙarƙashin ƙasa, sannan ta auri Sarkin Iska don ta samu hanyar zuwa gajimare. Kafin Tartsatsi, tsofaffi da yara ne ke zuwa kallo. Da ta hau, sai da aka ƙara bencina. Tana shigowa da fuska shafe da farar hoda, ta tsaya ta bi mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya, ƙarti masu ɗaukar kaya a tasha su riƙa sunkuyar da kai suna dariyar kunya.

Wanda ke fitowa a Sarkin Iska shi ne Dogo, mutum mai tsawon hannu da sanyin murya. Sun yi ta dukan juna duk Asabar har suka ga gara su yi aure. Suna zuwa shagon cin abincin rana, shi da kumburarren leɓe, ita da tabo a gira.

"Baba, ka yi wa 'yarka magana," Dogo ke cewa. "An ce rabin ƙarfi, ita nata rabin ya fi cikon wani."

"Ka ji rago," ta ce. "Mutum kamar falwaya, a taɓa shi ya kawo ƙara."

"Ni dai na ba ka ita da idonka a buɗe," in ji Mai Walda. "Kaya ya fita shago ba a dawo da shi."

Shekarun nan su ne masu daɗi. Sai Mai Labari ya ga 'yan kallo sun fara sanin ƙarshen kowane yaƙi tun kafin a fara, ya yanke shawara Sarkin Iska zai yi wa matarsa tawaye, ya kayar da ita, ya riƙe kambin na wani lokaci. Tartsatsi ta ce to. A gida ma ta ce to. Har gwaji suka yi ita da Dogo a bayan shago, inda za ta faɗi da yadda zai taka takobinta.

Ranar Asabar ɗin siton ya cika har bakin ƙofa. Mai Walda yana wurinsa na kullum, a bencin makamai, yana miƙa wa 'yan wasa abin da ya karye musu. Yaƙin ya tafi yadda aka tsara. Dogo ya fyaɗe ƙafarta, ta zube, ya ɗaga takobi. Mutane suka miƙe suna ihu, rabi suna kiran Sarkin Iska. Uban ya ga fuskar 'yarsa lokacin da ta ji ana kiran sunan wani. Sai ta ɗaga hannun hagu ta ɗora a tsakar kanta.

Dogo ya yar da takobin. Ya durƙusa, ya ture kwalkwalinsa baya, yana cewa, "Ina ne? Ina ne?" Ta ɗauko garkuwa da hannu biyu ta kai masa da bakinta a muƙamuƙi. Ƙarar ta kai har bencin makamai, irin ta busasshen katako in an taka shi. Ya faɗi rigingine, ta miƙe ta sake sauke masa ita a kafaɗa, ta sake. Haƙoransa na cikin yashi. Siton ya kusa tsagewa don murna. Bakin Mai Labari ya ci gaba da aikinsa: Sarauniya ta yaudari Iska, Sarauniya ba ta faɗuwa.

An ɗaure wa Dogo baki da waya a asibiti, wata da watanni yana shan abinci ta tsinke. Hannunsa na dama bai ƙara wuce kafaɗa ba. Tartsatsi ta je ta zauna a bakin gadonsa tana kuka, ya juya fuska bango. Da aka sallame shi ya zo shagon ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya ce ta cikin haƙora, "Baba, ba don ciwon ba. Tsoro na ji mata, shi ta yi amfani da shi." Ya hau jirgin yamma, ba a sake ganinsa ba.

Mai Labari ya yi faɗa kamar zai ari baki, amma bai kore ta ba, domin Asabar ta gaba sai da aka mai da mutane gida don rashin wuri. Ta rantse ba za ta ƙara ba. Ba a daɗe ba ta sake ɗaga hannun ƙarya ga mai fitowa a Kada, dattijo mai 'ya'ya, wanda ya san abin da ta yi wa mijinta amma jikinsa ya riga tunaninsa tsayawa. Ta soka masa gindin takobi a ido, idon ya tsiyaye. Daga nan 'yan kallo suka gane alamar, suka sa mata suna tarkon Sarauniya. Yara a titi suna ɗora hannu a ka, in aboki ya matso su kai masa naushi.

'Yan wasan suka taru ba da ita ba suka yi sabuwar alama. Wanda ya ji ciwo zai cusa babban yatsan hagu cikin ɗamararsa. Mai Labari kaɗai zai riƙa lura, in ya gani ya buga ƙararrawa, kowa ya zubar da makami. Mai Walda suka sa ya yi ƙararrawar da tsohon ƙarfen tayar mota, aka rataye ta kusa da akwatin Mai Labari. Ba su yi niyyar gaya masa alamar ba, sai dai a lokacin Auta ta shiga wasan, kuma ita kaɗai ta rage mai yarda ta tsaya gaban Sarauniya.

"Za ka sani don ƙaramar," in ji Mai Labari. "Amma ka riƙe bakinka. In babbar ta ji, za ta cusa yatsa, in buga ƙararrawa, ƙaramar ta zubar da garkuwa. Sauran ka gan shi da idonka."

Mai Walda ya koma shago ya zauna bai kunna inji ba. 'Yarsa ɗaya tana shiga yashi da abin da zai cece ta, ɗayar tana shiga da hannu wofi. In ya raba musu daidai, ya miƙa wuyan ƙaramar.

Tartsatsi ba ta da wauta. Ta ga sabuwar ƙararrawa, ta ga yadda ake yin shiru in ta shigo ɗakin sa kaya. Wata rana ta sami uban yana gyara mata sulke.

"Tsoho, me suka canza?"

"Je ki tambayi mai gidanku."

"Kai nake tambaya. Ni ba 'yarka ba ce?"

"Ke 'yata ce. Ita ma 'yata ce."

Ta ɗauki guduma ta yi jifa da ita, ta fasa gilashin fuskar waldarsa da ke rataye a bango. Ta fita. Washegari ya tarar da sabon gilashi a kan teburinsa.

Haka aka yi ta tafiya. A labari Auta ita ce Ɗiyar Ruwa, ƙanwar Sarauniya da aka jefa a teku tun tana jaririya, ta dawo neman hakkinta, kuma gishiri ba ya tsayawa gaban ruwa. Mutane suka fara son ta. Jikin Tartsatsi kuma ya fara gajiya, haƙarƙarinta na hagu ya taɓa tsagewa bai gama haɗewa ba, tana ɗaure shi da bandeji ta ɓoye a ƙarƙashin sulke. Mai Labari ya ce lokacin faɗuwar Sarauniya ya yi. Ga yadda ya tsara: a ƙarshen yaƙi za ta kafa tarkonta na kullum, ta ɗora hannu a ka, Ɗiyar Ruwa ta ƙi faɗawa, ta yi mata sara uku a gefe, kambi ya faɗi. Tartsatsi ta ce in dai Auta ce za ta ɗauka, ta yarda.

Da safen ranar, Mai Walda ya je ɗakin sa kaya. Ya sami Tartsatsi zaune gaban fasasshen madubi tana jan bandeji da haƙori, numfashinta na fita guntu-guntu. Ya rufe ƙofa.

"Tartsatsi, saurara. Idan kika ji abin ya yi tsanani, ki ɗauki babban..."

Ta miƙe ta toshe masa baki da tafin hannunta. Hannun na warin man zafi.

"Kar ka faɗa, Baba."

Ya cire hannun. "Haƙarƙarinki..."

"Na ce kar ka faɗa. Yanzu da nake gabanka ina son Auta fiye da raina. Amma in suka fara kiran sunanta, ba ni ce a ciki ba. Ka gani ai. In na san abin, zan yi shi, kuma kanta zan fasa." Ta koma ta zauna, ta ɗauki hoda. "Ka bar ni yadda nake. Yau ɗaya dai in faɗi kamar mutum. Kuma ka duba kambin nan, soson ya mutu, yana cin goshina. Wane irin maƙeri ne kai?"

Ya gyara soson. Ya je ya roƙi Mai Labari, in ta ɗaga tsohon hannun ya buga ƙararrawa kawai.

"Haba, Mai Walda! Ai ɗaga hannun shi ne wasan yau. In buga a kan me? Mutane su ƙone mini sito?"

Rana ta yi sanyi aka fara. Har kan katangar rufi akwai mutane. 'Yan'uwan biyu suka shiga, ɗaya fara fat da hoda, ɗaya cikin shuɗi. Tartsatsi ta fara da zafinta, ta tsaga wa Auta gira da gindin takobi, jini ya rufe mata ido ɗaya. Auta ta rama a cinya. Garkuwa ta haɗu da garkuwa har ta Auta ta lotsa, uban ya jefa mata wata. Suka yi ta zagaya juna, yashi na tashi, siton na kiran Ɗiyar Ruwa da murya ɗaya.

Ana tsakiyar yaƙi, da sauran tafiya kafin wurin da aka tsara, Auta ta kai wani sara na yau da kullum wanda yayarta ta saba tarewa ido rufe. Ƙafar Tartsatsi ta zame a jiƙaƙƙen yashi, garkuwar ta yi sama, ƙarfen ya sauka a gefenta na hagu. Ta durƙusa. Takobinta ya faɗi. Ta buɗe baki, iska ta ƙi shiga. Sai hannun hagu ya tashi a hankali ya sauka a tsakar kanta, a kan kambin.

"Tarko! Tarko!" in ji siton. "Kar ki yarda!"

Mai Walda ya ga abin da ya bambanta. Duk ranar da take yaudara, idonta na kan maƙogwaron abokin karawa. Yau shi take nema, tana juya kai wajen bencin makamai, da irin kallon da ta yi masa tana yarinya ranar da ta dafa ƙarfen da bai huce ba.

Ya yi ihu, muryarsa ta nutse cikin dubu. Ƙararrawar tana can ɗaya gefen. Ya faɗa cikin mutane yana turewa, wani ya kai masa gwiwar hannu a baki, wani ya riƙe masa riga yana cewa tsoho zauna ka tare mana. Ta tsakanin kafaɗu ya hango Auta ta ja da baya taki ɗaya, ta goge jinin idonta, tana duban yayarta. Ta san muƙamuƙin Dogo, ta san idon Kada. Ta ɗauka Yaya ta gaggauta tarkon ne don ta same ta ba shiri. Ta ɗaga takobi ta yi abin da aka koya mata. Na farko. Na biyu. Uban ya kai akwatin, ya fizge sandar buga ƙararrawar daga hannun Mai Labari, ya maka wa ƙarfen da dukan ƙarfinsa, amma na uku ya riga ya sauka.

Kambin ya gangara cikin yashi. Mutane suna ta tafi. Da ya tsallake igiya ya ɗago kanta, jinin da ke fita bakinta mai kumfa ne, ya san ba na kwalba ba ne. Auta ta zubar da takobi tana cewa, "Yaya, tashi mana. Yaya, an gama." Tartsatsi ta kama mata yatsa ɗaya ta riƙe. A bayan motar ɗaukar kaya, kafin su kai asibiti, ta saki. Likita ya ce karyayyen ƙashi ne ya huda huhu.

An rufe siton na ɗan lokaci, sannan aka buɗe, don masu cin abinci a cikinsa suna da yawa. Mai Walda ya ci gaba da kashe wa takubba kaifi. Auta ba ta tambaye shi komai ba sai wata rana da suke zaune a shago, tana riƙe masa ƙarfe yana gurzawa.

"Baba, ta san sabuwar alamar?"

Ya kashe injin. "Na je gaya mata. Ta toshe mini baki."

"Don me?"

"Don ke."

Auta ta ajiye ƙarfen da ke hannunta. Ta shiga siton, ta sauke ƙararrawar ta mirgino ta har ƙofar shago. Ta gaya wa Mai Labari in yana son ta sa kambin, a koma hannun gaskiya, kuma duk wanda ya ɗaga a tsaya masa, ko an san maƙaryaci ne. Ya ce za a cuce ta. Ta ce ta sani.

An kuwa cuce ta. Wani sabon ɗan wasa mai neman suna ya ɗora hannu a ka, ta sauke garkuwa, ya karya mata hanci, har yau a karkace yake. Mai Walda yana bencin makamai ranar, shi ya tare jinin da gefen rigarsa. Asabar ta gaba wata yarinya ta ɗaga hannu a tsakiyar yaƙi. Siton ya ɗauki ihun tarko. Auta ta yar da takobinta, ta ture kambin baya, ta durƙusa a gabanta tana tambaya ina ne.